Hukuncin Tara Tsofaffin Dabbobin Wasa Masu Makulli

Akwai tsofaffin dabbobin gwangwani waɗanda in an wana su sai su yi tafiya, irin na kamfanin Lehmann da aka kafa a Jamus a 1881. Yau masu tara kayan da suna sayensu da tsada.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da dokin wasa mai fukafukai, Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya gani ya yi dariya. To, rangwamen nan domin wasan yara ne. Amma dattijo ya jera cikakkiyar sura mai inuwa don ado, Malikiyya sun hana. Wanda ya gāji irinsu a Ɗorayi ya nemi fatawa kafin ya kai Kurmi.