Dikoda Ta Fita, Waya Ta Shiga

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, magidanta suke auna kowace naira kafin su fitar da ita. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya ƙara kuɗin wata a 2024, ya kuma ƙara a Maris 2025. Shi da bakinsa ya ce masu biya miliyan 1.4 sun bar shi a Nijeriya cikin shekara biyu.

Mutumin Tsafe da ya kashe dikoda domin ya sayi tiyar masara, lalle bai yi laifi ba. Ciyar da iyali wajibi ne, kallo kuwa ba wajibi ba ne. Ga kuma tashoshi irin su NTA da Arewa24, waɗanda ba su bukatar kuɗin wata.

Amma fa a lura. Talabijin a tsakar gida take, maigida yana ganin abin da ake kallo. Waya kuwa ɗaki take bin yaro, YouTube ba ya sallama, ba ya barci. Kuɗin data ma kaɗan kaɗan yake zurarewa, har ya zarce na dikoda. Sa'an nan a Satumba 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, mai dogara da intanet ya wayi gari ba labari.

Saboda haka uba ya kafa eriya, ya riƙe rediyonsa, ya yanka wa waya lokaci, bayan karatun allo. Kiwon 'ya'ya ba a wakilta shi ga na'ura. Allah ya kiyaye, amin.