Ra'ayinmu: A Bar wa Jinjiri Gidan Sauro, a Cire Matashin

Ƙaramin gadon jarirai mai naɗewa, wanda ke zuwa da gidan sauro da ɗan matashi, ya shiga kayan barka. Mai jego a Gehuru ko Jega, Aliero ko Maiyama a jihar Kebbi, tana da hujjar son sa. Ba kullum goyo ke yiwuwa ba; ga girki, ga wanki, ga yayyen jinjirin suna tsalle a ɗaki. Ga kuma sauro: binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, adadin da ya fi na kowace jiha. Duk abin da zai raba jinjiri da sauro a nan, muna maraba da shi.

Damuwarmu tana kan tarkacen da ke biyo gadon: matashin tokare haƙarƙari, katifa mai gangara, da ɗamarar da ake cewa tana hana yaro juyawa. Wuyan jinjiri bai yi ƙwari ba. A kan gangara haɓarsa na iya faɗowa kan ƙirji, numfashi ya toshe. Idan kuma ya kifa fuska cikin abu mai laushi, ba shi da ƙarfin ɗago kai, kuma sau da yawa ko kuka ba a ji.

Amurka ta ga haka da idonta. A 2019 aka janye gadon Rock 'n Play na kamfanin Fisher-Price, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai fiye da 30. A 2022 doka ta haramta sayar da gadajen barci masu gangara. Abin da aka kora daga can yana iya dawowa mana a gwanjo.

Iyaye mata kan ce suna tada kan yaro ne saboda tumbuɗi. Tsoron na ƙauna ne, amma likitocin yara sun tabbatar cewa lafiyayyen jinjiri da ke rigingine ba ya ƙara shiga haɗarin shaƙewa.

Matsayinmu shi ne a sayi gadon idan shimfiɗarsa a miƙe take, mai tauri. A kwantar da jinjiri rigingine kusa da uwarsa, a saki gidan sauro, a fitar da matashi da ɗamara. Ungozoma da ma'aikatan awo su faɗa wa kowace mai ciki haka tun kafin haihuwa, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON kuma ta binciki kayan jarirai da ke shigowa kasuwar Jega.