Wa ya ce Hausa ba ta iya gadin rezo?

Tun 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma ku leƙa ajin kwamfuta ku ji. Mushe na faɗin « serveur », « journal », « alerte », ƴaƴanmu na maimaitawa kamar aku. In ka yi magana a ce wai Hausa ba ta da kalmomin. Ƙarya ne!

Kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, uwar garke ce. Inda take rubuta duk abin da ya faru, da rana da sa'a, kundin aukuwa ne. Tsarin syslog ya kasa waɗannan saƙonni mataki takwas: 0, na'ura ta tsaya cak, 7, bayanin masu gyara kawai. Mai gadin kasuwa ya san bambancin motsin ɓera da na ɓarawo. Aikin ke nan.

Yaron da ya haddace bai gane ba, ran da rezo ya faɗi sai ya riƙe baki. Malamai, ku fara da Hausa, faransanci ya biyo baya. Iyaye, ku tambayi yaro yau: mene ne « alerte »? In ya kasa faɗi da harshen gida, bai koya ba tukuna.