Binuwai ma hanyar yawon buɗe ido ce

A arewacin Turai, jirgin ruwa kan tsaya da safe a Talin ta Istoniya ko Bagen ta Nowe, baƙi su sauka su zaga tsohon gari, su ci abinci, su yi tsaraba, kafin magariba sun koma jirgi. A Bagen, rumbunan katako na fataken busasshen kifi suke zuwa gani, waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979.

Mu nan Ashige, in an ce tafiya, motar Lafiya muke nufi, alhali kogin Binuwai na kwance a kudancin jiharmu ta Nasarawa. Loko tsohuwar tasha ce a bakin kogin, a da nan fatake ke sauke kaya su nufi Keffi da Zazzau. Daga Tunga, ita ma a bakin kogin, ana iya haurawa Awe da Keana, a ga mata suna dafa gishiri yadda suka gada.

Da damina, sa'ad da kogi ya cika, nake so gwamnatin Nasarawa ta gwada jirgi ko guda, mai rigunan kariya ga kowa da jami'an tsaro. Ɗaliban sakandare za a fara ɗauka, kuma 'yan gari su zama jagorori, kuɗin ya tsaya hannunsu.