Ra'ayi: Ba Mista Bin Kaɗai Ne Abin Kallo A Telebijin Ɗin Ingila Ba

Da wuya a samu wata fada a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai da ba a taɓa yin dariyar Mista Bin a cikinta ba. Mutumin nan mai kwat ruwan ƙasa da ƴar ƙaramar mota, wanda ya ƙare lokacin jarrabawa wajen leƙen takardar maƙwabcinsa, ko wanda kansa ya maƙale cikin talo-talo ranar Kirsimeti, ya shiga gidaje tun zamanin kaset, ya biyo ta faifan sidi, yau kuma yana yawo a salula. Bayansa sai Tommy Shelby na Peaky Blinders, wanda hotonsa da hula da taba a baki ya cika shafukan samari a TikTok da WhatsApp, sau da yawa tare da kalaman hikima da bai taɓa furtawa ba.

Ga matasa da dama, telebijin ɗin Ingila ya tsaya nan: wawa guda da ɗan daba guda, su ma a gutsure, minti ɗaya-ɗaya. Wannan asara ce. Abin da ya fi daraja a shirye-shiryen ƙasar shi ne al'adar da suka daɗe da ita ta tona wa kansu asiri a bainar jama'a, wani lokaci da dariya, wani lokaci da hawaye, har a kai ga hukuma ta motsa. Mai mafarkin zuwa can, da wanda ya riga ya je, da mai son yin fim ko aikin jarida a gida, kowa yana da abin ɗauka.

Dariya mai cizo

Shirin Mr. Bean kashi 15 ne kawai. Tashar ITV ta fara nuna shi ranar 1 ga Janairu, 1990, aka rufe a 1995. Rowan Atkinson, wanda ya fito a matsayin Bin, injiniyan lantarki ne da ya yi karatu a Newcastle da Oxford. Sirrin shirin shi ne kusan babu magana a cikinsa, shi ya sa ya shiga ƙasashen da ba Ingilishi ake ji ba, bai nemi tafinta ba. Amma ko shi, in aka lura, Bature ne ke yi wa Bature shaƙiyanci: babban mutum mai halin yara, mai son kansa, wanda ba shi da amini sai ƴar tsana.

Wannan Atkinson ɗin dai, ƴan watanni kafin Bin, ya fito a Blackadder Goes Forth na BBC a 1989, kuma a nan baki ne makaminsa. Kyaftin ne a ramukan yaƙin duniya na farko, kullum yana neman dabarar tsira daga janar-janar da ke zaune a katafaren gida nesa da fagen daga suna tura ƴaƴan mutane mutuwa. Kashi biyar da rabi ana ƙyalƙyala dariya. A ƙarshen na shida aka busa usur, sojojin suka fito daga rami suka nufi harsasai, hoton ya dushe ya koma fili mai jajayen furanni, dariya ta ɗauke. Tashar ƙasa ce ta nuna wa ƴan ƙasa yadda manyan sojojinsu suka yi wasa da rayuka.

Haka shirin Yes Minister, wanda BBC ta fara a 1980. Jim Hacker sabon minista ne da ya shigo da alkawura cike da baki. Sir Humphrey kuwa babban magatakardan ofishin ne, ya ga ministoci sun zo sun tafi, ya kuma ƙware wajen cewa "to" alhali yana nufin "a'a". In minista ya kawo gyara, sai a kafa kwamiti. In ya matsa, sai a cika masa tebur da takardu, a ɓoye mai muhimmancin a can ƙasa. Duk wanda ya taɓa bin takarda daga ofis zuwa ofis, a kowace ƙasa, zai gane mutanen nan biyu. Abin lura shi ne Margaret Thatcher, wadda ke kan kujerar firaminista a lokacin, ba ta hana shirin ba. Cewa ta yi shi ta fi so, har ta fito a wani ɗan gajeren wasa tare da ƴan wasan a 1984.

Ga masu zaman ci-rani kuwa, shirye-shirye biyu sun cancanci a jera su. Mind Your Language, wanda aka fara a 1977, ajin dare ne na baƙi masu koyon Ingilishi, daga Pakistan, Indiya, Italiya, Japan da sauransu, kuma dariyar duka a kan harshensu da al'adunsu take. Ya yi farin jini a ƙasashe da yawa, amma a 1979 aka tsayar da shi saboda ana ganin ya maida baƙi abin wasa. Fawlty Towers, kashi 12 da John Cleese da Connie Booth suka rubuta aka nuna a 1975 da 1979, shi ma yana da baƙo, Manuel ɗan Barcelona mai hidimar abinci, wanda ke shan tsawa da duka. Sai dai a nan abin dariyar shi ne mai otal ɗin, Basil, mutumin da ke rusuna wa duk mai sarauta yana wulaƙanta talaka, har wani ɗan damfara ya shigo da sunan basarake ya kusa wanke shi. Andrew Sachs, wanda ya yi Manuel, shi kansa ɗan gudun hijira ne da iyalinsa suka baro Jamus a 1938. Tambayar da mai kallo zai riƙa yi ke nan a kowane wasan barkwanci: wa ake yi wa dariya, mai ƙarfi ko mara ƙarfi?

Dare huɗu da suka canza doka

Misalin da ya fi kowane ƙarfi bai daɗe ba. Daga 1999 zuwa 2015, an samu masu riƙe da ƙananan gidajen waya sama da 900 a Birtaniya da laifin sata ko maguɗin lissafi. Ba su saci komai ba. Manhajar kwamfuta mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, ita ce ke nuna giɓin kuɗin da babu shi, yarjejeniyar aikinsu kuma ta ce su za su cike. Duk wanda ya kira ya yi ƙorafi sai a ce masa shi kaɗai ne ke da matsalar. Wasu sun sayar da gidajensu, wasu sun shiga kurkuku har da mai juna biyu, wasu sun kashe kansu. Wanda ya taɓa riƙe shagon tura kuɗi ya san yadda gaba ke faɗuwa in na'ura ta ce lissafi bai cika ba.

Ƴan jarida sun yi nasu aikin. Mujallar Computer Weekly ta fara fasa ƙwan tun 2009. Alan Bates, wanda aka raba da gidan wayarsa a yankin Wales a 2003 saboda ya ƙi amsa laifin da ba nasa ba, ya tara mutum 555 suka yi nasara a babbar kotu a 2019. Duk da haka yawancin jama'a ba su damu ba, mafi yawan waɗanda aka zalunta kuma suna nan da tabon laifi.

Sai ITV ta nuna Mr Bates vs The Post Office, kashi huɗu, daga 1 zuwa 4 ga Janairu, 2024. Babu bindiga, babu tseren motoci, sai talakawa a gaban kwamfuta suna kallon giɓi yana ninkuwa. Ranar 10 ga watan, firaminista Rishi Sunak ya tsaya a majalisa ya yi alkawarin dokar da za ta wanke su. Tsohuwar shugabar hukumar gidan waya, Paula Vennells, ta ce za ta maida lambar girmamawar da aka ba ta, bayan mutum sama da miliyan guda sun sa hannu a takardar koke. A watan Mayu dokar ta tabbata. Shekara 15 ƴan jarida suna tara hujja, wasan kwaikwayo ya zo ya sa wa hujjar fuska. Da babu binciken, wasan ba shi da abin faɗa; da babu wasan, binciken zai ci gaba da kwanciya a takarda.

Wannan ba sabon abu ba ne a can. A 1966 shirin Cathy Come Home na Ken Loach ya nuna yadda ma'aurata matasa suka rasa muhalli har hukuma ta ƙwace musu ƴaƴa, ya kuma tayar da muhawara kan rashin matsuguni. A watan Maris na 2025 sai ga Adolescence a Netflix: ƴan sanda sun ɓalle ƙofa da sassafe sun kama yaro ɗan shekara 13 kan kisan wata ƴar makarantarsu. Iyayensa mutanen kirki ne, sun ɗauka tunda yana ɗakinsa gaban kwamfuta, to yana cikin aminci, alhali a can ake shayar da shi ƙiyayyar mata. An ba makarantun sakandaren Birtaniya damar nuna shi kyauta. Uban da ke renon ƴaƴa a Turai, da yayan da ya saya wa ƙaninsa salula a gida, duk da su ake.

Ko Peaky Blinders ɗin, wanda ya kalle shi daga farko ya san Tommy Shelby ba gwarzon koyi ba ne. Mutum ne da ya dawo daga yaƙi da ciwo a ƙwaƙwalwa, ba ya iya barci, kuma duk matakin arzikin da ya taka sai ya binne wani nasa. Gutsuren bidiyo na nuna hular ne kawai, ba ya nuna kaburburan.

Idan kyamara ta juyo Sahara

A fagen shirye-shiryen gaskiya, sunan David Attenborough, wanda aka haifa a 1926, shi ne kan gaba. Daga Life on Earth na 1979 zuwa Planet Earth na 2006, darasin guda ne: haƙuri. Masu ɗaukar hoto kan yi makonni a kan dutse suna jiran dabba guda ta gifta. Blue Planet II na 2017 ya nuna tsuntsayen teku suna ciyar da ƴaƴansu roba, ya sa maganar sharar roba ta cika bakin jama'a a Birtaniya. Wanda ya taɓa ganin baƙar leda a tumbin akuya ba ya buƙatar dogon bayani.

Nijar ma ta shiga wannan kyamara. A shirin Sahara na 2002, Michael Palin ya halarci bikin Cure Salée a Ingal, ya kuma bi ayarin raƙuman Abzinawa. Human Planet na 2011 ya nuna matan Tubawa suna ratsa hamada suna neman rijiya, da bikin Gerewol na Fulani. Hotuna ne masu kyau ƙwarai. Amma a nan ne ya kamata a buɗe ido. A 2015 ta fito cewa kyarkecin da aka nuna a hamadar Mongoliya cikin shirin ba na daji ba ne. A 2018 BBC ta amsa cewa dogon gidan kan bishiya da aka nuna a Papua an gina shi ne don ɗaukar hoto, ba gidan zaman mutanen ba ne, ta kuma janye shirin daga kasuwa. Bayan haka, mai kallon irin waɗannan shirye-shirye zai ɗauka Nijar raƙumi ce da rairayi da rawa kawai. Ba ya ganin ɗalibin jami'a ko ɗan kabu-kabu ko ƴar kasuwar da ke sayar da kaya ta salula. Kyamarar da ke da kaifi a kan gida takan zama ta ɗan yawon buɗe ido in ta fita waje.

Wasu za su ce a lokacin da ake maganar diyaucin ƙasa, me ya kai matasa ga kallon telebijin ɗin waɗanda suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903? Wasu kuma za su ce akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyya ba. Magana ta biyu gaskiya ce, ba kowane shiri ake kunnawa a tsakar gida ba, zaɓi ya zama dole. Ta farkon kuwa, kallo ba mubaya'a ba ne. Ita kanta BBC ba waliyyiya ba ce: shekaru da dama tauraronta Jimmy Savile yana cin zarafin yara, ta kuma jingine binciken da ma'aikatanta suka fara a kansa. Amma wa ya fallasa? Shirin gaskiya na ITV ne, a watan Oktoba na 2012. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin koyi a nan shi ne gidan da ya yarda a haska tudun da yake tsaye a kai.

Al'adar ba baƙuwa ba ce a Nijar. Wasan taubasantaka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014, hanya ce ta faɗin gaskiya mai ɗaci cikin raha ba tare da an yi faɗa ba. Abin da Turawan Ingila suka ƙara shi ne sun kai wasan har ofishin minista da hedikwatar soja, suka kuma haɗa shi da bincike mai hujja.

Saboda haka, in an sake sayen mega, maimakon gutsure talatin na Tommy Shelby, a nemi kashi guda cikakke na Yes Minister ko Mr Bates vs The Post Office, a kalla daga farko har ƙarshe, a tattauna a kan shayi. Mai shirin tafiya zai ga Ingilar da ba a sa wa a hoton WhatsApp, mai rashin muhalli da zaluncin ofis. Mai riƙe da kyamara kuma zai ga cewa labarin da ya girgiza majalisa ba ya buƙatar fada ko jirgin sama. Talaka ne guda da aka zalunta, da wanda ya yi haƙurin bin maganarsa har ƙarshe.