Jirgin Roba Da Jirgin Kara A Zauren Gidanmu

A hutun da ya gabata na je gida Haɗeja ɗauke da wata tsaraba da ta daɗe a ƙasan akwatina tun daga wani taron masana harshe da na halarta a Ingila. Ɗan kwali ne da bai kai girman littafi ba, a cikinsa akwai gutsattsarin roba masu yawa da takardar zane, waɗanda idan aka yi haƙuri aka harhaɗa su za su zama ƙaramin samfurin jirgin yaƙin nan da ake kira Alpha Jet. Na saye shi ne domin ɗan ƙanena mai shekara 12, wanda ya addabi gidan da ƙera jiragen kara. Mahaifinsa na ganin kwalin ya yi dariya, ya ce, "Yaya, duk tsarabar Ingila ka rasa abin da za ka kawo masa sai abin wasa?" Wannan kalma ta "wasa" ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin a cikinta kuskurenmu yake, mu 'yan boko na Arewa.

Bari in fara bayyana wa mai karatu abin da ake yi da shi. Irin waɗannan samfura, da kamfanoni kamar Airfix na Ingila suka yi suna a kansu tun shekarun 1950, ana yin su ne bisa ma'auni. Namu ɗaya bisa 72 ne, wato kowace santimita guda a jikinsa tana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Faɗin Alpha Jet daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya ɗan haura mita 9, saboda haka na samfurin bai cika santimita 13 ba. Yaron da malaminsa ke kuka da shi a darasin lissafi, shi da kansa ya ɗauko rula ya yi wannan rabawa a bayan kwalin, don kawai ya tabbatar ba ƙarya nake yi masa ba.

Kwana biyar muka yi a kai. Kowane gutsure sai an yanke shi da reza, a goge bakinsa da samfefa, a gwada shi a mazauninsa kafin a sa gam. Mun yi ɓarna: gam ya taɓa murfin da ke rufe matuƙi, ya dushe kamar idon da yana ta rufe, har yau kuma haka yake. Da muka ɗora shi a kan tayoyinsa sai ya kwanta ta baya, hanci a sama, saboda jela ta fi nauyi. Ina ta juya takardar zane, yaron ya fice da gudu zuwa wurin wani masunci maƙwabcinmu, ya dawo da 'yar dalmar da ake ɗaura wa bakin koma, muka cusa ta a hancin jirgin, ya miƙe daram. Fenti kuwa a hunturun Haɗeja sai mai haƙuri, domin kafin ya bushe ƙura ta zauna a kansa. Sai da muka riƙa kifa masa kwanon sha. Tambarin kore da fari da kore na rundunar sojan samanmu ba ya cikin kwalin, da tsinken ashana muka zana shi.

To, inda abin ya dame ni a matsayina na malamin harshe shi ne, takardar bayanin tana ɗauke da harsunan Turai rututu, ba Hausa a ciki, wannan kuwa ban yi mamakinsa ba. Abin da ya ba ni kunya shi ne yadda yaron ke nuna mini sassa yana tambaya, "Baffa, wannan me sunansa?" ni kuma da digirina na uku ina kame-kame. Fiffike da jela da hanci ba su ba mu wuya ba. Amma ramin da ke zuƙo iska zuwa inji fa? Ɗan ɓangaren bayan fiffike da ke lanƙwasawa don jirgi ya karkata fa? Kujerar da ke cilla matuƙi waje in jirgi zai faɗi fa? Zan iya yin bayaninsu da jimla, amma suna guda wanda za a faɗa a wuce, babu.

Ba gazawar Hausa ba ce, kuma kogin da ke bayan garinmu shaida ne. Kalmar "jirgi" asalinta na ruwa ne, irin wanda ake fito da shi a fadamun Haɗeja har zuwa Nguru. Da dogo ya iso Kano a 1911 sai Bahaushe ya ce jirgin ƙasa. Da jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano a 1925 ya ce jirgin sama. Mai sarrafa shi kuma ya ba shi sunan mai tuƙin kwalekwale, ya ce matuƙi. Keke ya zo, aka ɗauko masa sirdi daga wurin doki. Ku shiga garejin kowane makanike ku saurara: birki, giya, totur, salansa, lagireto. Babu kwamitin da ya zauna ya amince da waɗannan. Sun zauna a baki ne saboda hannu ya taɓa abin, ya kwance shi, ya mayar. Mu masana mun yi namu ƙoƙarin, akwai ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da aka buga tun 1990, akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ina kuma girmama waɗanda suka yi wahalarsu. Sai dai kalmar da aka haifa a ɗakin taro, in ba ta sami masu aiki da ita ba, a kan takarda take tsufa. Kalmomin jirgin sama ba su samu ba domin jirgin sama a wurinmu abin ɗaga kai ne a kalla. Manomin shinkafa a fadamar nan ya san shi ne a matsayin abin da gwamnati kan turo ya yi wa tsuntsayen jan-baki feshi ya tafi.

Wani zai ce ai haɗa abin da wasu suka zana suka yanka ba ƙira ba ce, kwaikwayo ne. Gaskiya ne, amma a duba tarihinmu. Jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda aka harhaɗa kimanin 60 a Kaduna, sojan sama suka yi ta horar da matuƙa da shi tun shekarun 1990, an gina shi ne a kan tsarin wani ƙaramin jirgin Amurka mai suna RV-6A, wanda kamfaninsa ke sayar da shi a warwatse mai saye ya haɗa. Wato babban yayan abin da ke cikin kwalina ne. Laifinmu shi ne mun haɗa mun tsaya, har ya zamana daga baya sai Pakistan muka je sayen jiragen koyo, daga can kuma aka kawo JF-17 guda 3 a 2021. A 2007 duniya ta sha labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi a Jami'ar Bayero, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. An yi ta ɗaukarsa hoto. Tambayata ita ce, yara nawa irinsa aka kore daga kara da langa-langa da cewa su bar wasan banza su je su yi karatu, alhali karatun ne a hannunsu? Abin sha'awa ma, jiragen leƙen asiri marasa matuƙi da rundunar ta ƙaddamar a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, sunayen Hausa aka raɗa musu. Mun iya raɗin suna, sauran mu iya kiran kayan cikin.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Ba sai an shigo da kwalaye daga Ingila ba. A kowace firamare da ƙaramar sakandare ta Jigawa ana iya ware awa guda a mako, a ba yara kara da totuwa da kwali da rula da zanen jirgi, a ce su ƙera shi bisa ma'auni, a auna a gani, a kuma bar su su yi gardamar sunayen sassa da harshen da suke tunani da shi, malami yana rubutawa. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, ta kuma soke manufar a 2025. Ina da ra'ayi mai zafi a kan wannan, amma awa gudan da nake magana ba ta jiran izinin Abuja.

Akwai wata suka da ba zan iya kawar da ita da hujja ba, daga mahaifiyata ta fito. Da muka gama, yaron ya ruga da jirgin zai ɗora mata a kan kabad cikin jeren kwanukanta. Ta tambayi ko wane iri ne, aka ce na yaƙi. Ta ce, "Maigida, fitar min da shi, ba a ajiye min abin kashe mutane a ɗaki." Na so in ce mata irinsa ne ya yi aiki a Laberiya, kuma ya yaƙi masu tayar da ƙayar baya a Arewa maso Gabas. Sai na tuna Rann, inda a Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira, fiye da mutum 100 suka rasu. Na yi shiru. Ga yaron Landan jirgin yaƙi ado ne. A nan kuwa akwai garuruwan da ƙararsa ke sa uwa ta tattara 'ya'yanta. Saboda haka ban ce lallai sai na yaƙi za a ba yara ba. Na fasinja ma ya wadatar, ko na feshin gona, wanda ya fi kusa da rayuwarsu.

A zaure muka rataye shi da zaren koma, kusa da wani na kara da yaron ya ƙera bara. Ranar da zan koma bakin aiki na tarar da shi da abokansa uku sun sauko da na karan suna aunawa, sun gano fiffiken hagu ya fi na dama tsawo da santimita 2. Ramin zuƙo iskar nan da ya gagare ni kuwa har sun yi masa suna, suna ce masa maƙogwaro. Na rubuta shi a littafina, da kwanan wata da wurin da na ji shi.