Kafin a Sayi Injin Ɗura Lemon Kwalba

Sanin kowa ne cewa abin da ya raba lemon kwalba da ruwan sukari shi ne iskar kabon-dayoksaid da aka narkar a cikinsa. Da zarar iskar ta tsere, lemo ya salance. Amma sau da yawa mai niyyar kafa ƙaramar masana'anta tambaya biyu yake yi wa dillali: nawa ne kuɗin injin, kuma kwalba nawa yake cikawa a awa guda. Wannan kuskure ne, domin akwai abubuwan da suka fi su muhimmanci.

A shekarar 1803 William Henry, wani masani ɗan Ingila, ya nuna cewa yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana ƙaruwa gwargwadon matsin da ke kansa. Saboda haka injin da ya dace da lemo shi ne mai daidaita matsi. Yakan toshe bakin kwalba, ya cusa mata iska har matsinta ya yi daidai da na tanki, sannan lemo ya gangara a hankali, daga bisani a sassauta matsin kaɗan-kaɗan. Wanda ya ɗura lemo da injin ruwan gora, kumfa zai samu da rabin kwalba.

Abu na biyu shi ne sanyi. Ruwan sanyi ya fi riƙe iska, shi ya sa aka saba sanyaya lemo zuwa wajen digiri 4 kafin ɗurawa. A gari irin Kano, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, dole kuɗin injin sanyaya da na janareto su shiga lissafi tun farko.

Na uku shi ne marfi. Kwalbar gilashi tana ɗaukar marfin ƙarfe wanda William Painter ya ƙirƙiro a Amurka a 1892, mai haƙora 21 a yau. Gorar roba ta PET, wadda Nathaniel Wyeth ya yi wa rajista a 1973, marfin murɗawa take so; in ya yi sako-sako iska ta fita, in ya matsu da yawa ya lalace. Ke nan a fara zaɓen kwalba kafin inji. Kuma lalle marufi ya kasance dab da maɗuri, saurinsu ɗaya, domin kwalbar da ta daɗe a buɗe tana asarar iska, ƙwayoyin cuta kuma suna samun hanya.

Bugu da ƙari, lemo yana da tsami, don haka duk inda zai taɓa ya zama ƙarfe marar tsatsa, mai sauƙin wankewa. Injin da babu kayan gyaransa ko makanikinsa a kusa, komai saurinsa, ranar da ya tsaya jari ya tsaya.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai tushen maganar da kwalba biyu, mai sanyi da wadda ta sha rana, a buɗe su tare. Ɗalibin da ya gane dalilin kumfar ba zai bari araha ta ruɗe shi ba, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.